Goggo, Kirinjijiya da Agwagwar Aro

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Goggo ta riga mu komawa wata Laraba da hantsi, damina ta yi tsakiya, tafkin da ke bayan gidanta a Tumfure ya cika har ya taɓo gindin katanga. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gidan ya cika da masu gaisuwa.

Na ga masu juyayi iri-iri a ranar. 'Yan'uwanta na ruga sun iso da taɓo har idon sawu, suka zauna tsit, ba mai ɗigar da hawaye, sai ɗan Fulatanci ƙasa-ƙasa, don a wurinsu kuka a gaban jama'a abin kunya ne. Matan unguwa kuwa sun yi nasu kukan sun yi na Fulanin. Wani saurayi mai keke ya tsaya a zaure yana ba maza labarin yadda ta taɓa ƙwace masa danƙo yana ƙarami, ta yanke robar da wuƙar yankan kuɓewa, ta miƙa masa itacen ta ce ya je ya hura wuta. Yana ba da labarin yana dariya yana goge ido da bakin riga. Sai ga Maman Herwagana, da sunan unguwarsu ake kiranta, ƙawar Goggo tun suna da ƙarfinsu, ta shigo da zanen zumuntar matan cocinsu. Ta tsaya a tsakar gida ta dubi turmin da Goggo ke kifewa tana zama a kai, ta ce, "To yanzu da wa zan yi faɗa?" Sannan ta nemi wuri ta zauna.

Ni ina bakin murhu. Gara in faɗa tun yanzu: ni ba 'yar Goggo ba ce, ba jikarta ba, ko yarenmu ba ɗaya ba. An shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa a ɗakinta, 'yarta Adda da ta zo daga Bauci tana kai tare da dattawan dangi, ɗanta Hamma yana waje da maza. Ban san ko ina da wuri a kan tabarmar nan ba, ba wanda ya ce min zo, ba wanda ya ce min kar ki zo. Abin kuma ya wuce wurin zama. A ganina wadda ba ta da wuri a tabarmar ba ta da ɗaki a gidan da zarar an watse. Sai na kama tukwane, don mai tuƙa tuwo ba a tambayarta ita wace ce.

Da faɗa muka fara sanin juna ni da Goggo. Shekarun da ƙasarmu ta Barno ta rikice ne, aka kashe mijina, na fito da zani biyu a bayan motar hatsi, aka sauke mu a Gombe. Lokacin ba mai ba baƙo haya, musamman mai tsage irin nawa. Masu unguwa sun yi gargaɗi, kowa tsoron kowa yake. Na raɓe a wani kango kusa da tafkin nan tare da wasu mata. Wata safiya na kwashi zanena na tafi bakin ruwa, na fara cuɗawa ke nan sai na ji sanda ta daki ƙasa a bayana.

"Ke, wa ya ce miki nan wurin wanki ne? Sabulun nan in ya shiga ruwa ke za ki sha ko su?"

Na waiga na ga wata tsohuwa siririya, doguwa, hanci kamar an zana. Na duba ban ga wasu "su" ba sai tsuntsaye. Yunwa na cina, raina a ɓace yake, na ce mata ruwan Allah ne, kuma ban ga sunan kowa a jikinsa ba. Tana jin harshena sai ta sauke sandar.

"Af, Babarbariya ce. Shi ya sa. Tashi, baiwata, kwaso tsummokaranki, akwai rijiya a gida."

Wanda bai san wasan Fulani da Barebari ba zai ce zagi ne. Mu kuwa mun gāji abin, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba mai fushi. Na ce mata ban taɓa ganin baiwa ta kira uwargijiyarta baiwa ba. Ta yi dariya har sai da ta dafa sanda. Ranar na yi wanki a bakin rijiyarta, na sha fura da nono mai kauri. Kafin mako ya zagayo ta sa an kwashe buhunan dusa daga ɗakin da ke kusa da nata. Hamma ya zo hankali a tashe, ma'aikacin gwamnati ne mai bin doka, ya ce, "Dada, ba a san ta ba fa." Ta ce, "Ni na san ta, mai taurin kai ce." Ta yafa mayafi ta tafi gidan mai unguwa da ƙafarta ta ce a rubuta ni a kanta, ita ta tsaya min. Ni dai Goggo na ji 'yan unguwa na kiranta, na bi sahu.

Dā a Barunde take zaune. Da gari ya matse ta, ba wurin ɗaure ko ɗan maraƙi, sai Hamma ya gina mata a Tumfure lokacin wurin duk gonaki ne. Shanun sun koma hannun 'yan'uwa a ruga, ita kuma ta mai da kiwonta kan tafki. Ba nata ba ne, ba ta da ko takarda, amma ba mai harbi, ba mai ɗana tarko, ba mai wanki. 'Yan unguwa suna kiran wurin gandun dajin Goggo. Mafarauci guda ya taɓa zuwa da bindigar toka, ta bi shi da magana har bakin kwalta, bai sake dawowa ba.

Kullum in rana ta ɗan ɗaga za ta sa in mirgina mata turmi zuwa ƙofar baya, ta zauna da carbi tana duba jama'arta. Haka take ce musu, jama'a. Belbela ita ce ta gaban goshi, don tare suka yi yawon kiwo. Zalɓe kuma Liman take ce masa, saboda tsayuwarsa a ruwa ba motsi. Shamuwa in ta sauka a kan tsamiya sai Goggo ta aika a gaya wa manoma su gyara garma, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Amma ba wanda take so kamar kirinjijiya, 'yar agwagwar dajin nan mai farar fuska da dogon wuya, masu zuwa garke guda suna fito kamar samari. In ta ji fitonsu daga sama, ko tana tsakiyar magana da kai ta bar ka ke nan.

Duk tsuntsun duniya kashi biyu ne a wurin Goggo, ɗan ƙasa da baƙo, kuma tambaya ɗaya ce ke raba su: "Da fiffikensa ya zo, ko a kwando aka kawo shi?" Sababbin gidaje sun fara kewaye tafkin, kowane mai gida da abin da ya sayo. Wannan talotalo, wancan dinyar Turawa mai ihu don gadi, wani Alhaji har da dawisu. Goggo ba ta da ta cewa a kansu sai tsaki. Fararen kajin gidan gona kuwa tausayinsu take ji, ta ce kazar da ba ta iya tono ba ai marainiya ce. Agwagwar gida ita ta fi shan zagi: ƙazama, mai tafiyar masu kuɗi, mai ɓata ruwa. Ko namanta ba ya shiga tukunyar Goggo.

Na yi makaranta daidai gwargwado, har na koyar a firamare kafin mu gudo, don haka nakan so in kama ta. Na ce mata 'yan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke zuwa da rani daga ƙasar Turawa suke tasowa. Ta ce, "Wa ya biya musu kuɗin jirgi?" Na ce da kansu suke zuwa. Ta ce, "To makiyaya ne, cin rani suka zo, a ba su wuri." Na ce ita kanta kazar da take taƙama da ita, ta Hausa, an ce asalinta daga wata ƙasa aka kawo ta tun zamanin dā. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ƙaryar Barebari ce, kuma in tashi in duba tukunya.

Wata rana bakina ya ja min. Na ce, "To ni fa, Goggo? A bayan motar hatsi aka kawo ni."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ai a kwando aka kawo ki. Baƙuwa ce ke ta gasken gaske."

Muka yi dariya mu duka. Wasa ne, na sani. Amma maganar ta zauna min a ƙirji, don shi wasan nan namu ba ya nuna maka inda ya tsaya. Mutum zai kira ka bawa shekara da shekaru yana ba ka fura, ka rasa ko ɗa ya ɗauke ka ko baƙon da ya daɗe.

Damina ta biyu da zuwana aka sayi filin da ke ƙetaren tafki. Leburori suna sare ciyawa don haƙa harsashi suka tarar da gidan kirinjijiya a ƙasa, cike da ƙwai, uwar ta tashi ta gudu. Har sun aika a sayo musu mai da albasa. Ban san wa ya kai wa Goggo labari ba, na dai gan ta tana ratsa taɓo da sanda, ba takalmi. Ta dawo da ƙwan a gefen zani tana haki. Ba kaza ko ɗaya mai kwanci a gidan. Ko da akwai ma, na ce mata, kaza ba za ta kai su ruwa ba. Ta san inda maganar ta nufa. Mutum ɗaya muka sani mai agwagi, Maman Herwagana, wadda suka saba tun Goggo na kai nono unguwarsu tana budurwar aure.

"Kira mai keke," in ji ta, kamar wadda za a cire wa haƙori.

Na shiga ɗaki ɗauko hijabi, ban ga abin da ta yi ba. Ashe tsoron kar ƙwan su huce ne ya sa ta jera su cikin ƙoƙo da auduga, ta kifa wani ƙoƙon a kai, ta ɗaure a cikinta da ɗankwali, ta zura hijabi. A ruga haka ake yi wa ɗan akuyar da aka haifa cikin sanyi, a sa shi a jiki. Ita ko kaɗan ba ta kawo komai a ranta ba. Shekarun nan kuwa su ne ake ɗaura wa mata abin fashewa a ciki a tura su kasuwa da tasha.

A shingen shiga gari kowa sauka yake ya wuce da ƙafa. Muna sauka na ga wani soja ya ja da baya, ya ɗaga bindiga, idonsa a kan cikin Goggo. Sai a lokacin na ga tudun. Jama'a suka watse, mai kekenmu ya shige bayan buhunan yashi. Ni kaɗai na rage a gefenta. Ga tsage a fuskata, ga harshen Barno, ba ni da katin shaida ko na rantsuwa.

"Mama, tsaya nan. Ɗaga hannu. Mene ne a cikinki?"

"Ƙwai ne, ɗana."

"Ƙwai?"

"Na kirinjijiya. In na ɗaga hannu duka biyu za su zube, zan ɗaga maka ɗaya."

Ya sa ta kwance daga nesa. Ta durƙusa a kan kwalta ta warware ɗankwalin a hankali, tana yi tana mita wai iska na bugun su, in suka lalace alhakin yana wuyansa. Da ta buɗe ƙoƙon sojan ya leƙo, ya kira na kusa da shi shi ma ya leƙo. Ba su yi dariya nan da nan ba, sai da suka sauke numfashi. Babbansu ya yi mata faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa, ya ce ta kusa jawo wa kanta da mutane abin da ba a fata. Goggo ta karɓi laifi, abin da ban taɓa gani ba, ta ce tsufa ne, a yi haƙuri. Sannan ya nuna ni da baki.

"Wannan fa?"

"Tawa ce. Baiwata ce, Babarbariya. Ba ta da amfani amma ba ta da mugunta."

Ya ce mu wuce. Ta cece ni, ban musa ba, kuma har gobe ina gode mata. Amma a cikin keke na yi ta jin haushin da na rasa inda zan ajiye shi. Kalma ɗaya na so ta faɗa a gaban mutumin nan, ta ce 'yata ce, ko da ƙarya.

Maman Herwagana ta sha dariya har da riƙe ciki, ta farko don labarin shinge, ta biyu don abin da ya kawo mu. "Yau ke ce a gidana neman ƙazama? A kira min maƙwabta su shaida." Goggo ta ce aro ta zo, ba zumunci ba. Mama ta kamo wata baƙar agwagwa mai jan fuska da ta fara kwanci, ta haɗa mana da ƙwanta biyu don ta yarda da sabon wuri, ta ce a sa ta a lungu mai duhu kar a dame ta. Da za mu dawo ƙoƙon a hannu muka riƙe shi, a buɗe, kowa na gani.

Agwagwar nan ta yi abin da aka ɗauko ta domin shi. Ta kwanta a kan ƙwan da ba nata ba, ba ta tashi sai ta sha ruwa ta koma. Goggo ba ta yaba mata ko sau ɗaya ba. Amma na sha kama ta tsugune a bakin akurki tana yi mata Fulatanci a hankali, irin muryar da ake yi wa saniya lokacin tatsa. In ta gan ni sai ta miƙe ta ce dubawa take ko ƙazamar ta fasa wani.

Ranar da suka ƙyanƙyashe Goggo ta raba goro a unguwa kamar an yi mata jika. 'Yan mitsi-mitsi masu zane a ka, suka bi baƙar uwarsu a jere har cikin tafki, nata 'ya'yan biyu manya-manya suna bin baya. Daga nan aikin gadi ya kama mu. Shirwa ta sama, guza ta ƙasa. Ina ɗinkin hula a bakin ruwa, Goggo na riƙe da sanda, duk da haka guza ta ci wasu. Goggo ta ce ita ma 'yar ƙasa ce, haƙƙinta ta ɗauka, amma ta jefe ta da dutse.

Da gashinsu ya fara fitowa Mama ta zo gani, ta ce a yanke musu gashin fiffike ɗaya tun da wuri, in ba haka ba wata rana za a wayi gari ba su. Na goyi bayanta, don na ga yadda tsohuwar nan ta ɗora ranta a kansu. Har almakashi na ɗauko. Goggo ta karɓe shi ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"In na yanke musu ai sun zama na kwando. Wahalar me na sha ke nan?"

Bayan an yi girbi, ruwan tafki ya fara ja da baya, manyan kirinjijiya suka riƙa taruwa da yawa. Namu suka fara shiga cikinsu, har ba ma iya bambance su sai in sun dawo cin dusa. Wata safiya garken ya tashi ya yi gabas, wajen Dadin Kowa inda ruwa ba ya ƙafewa, ba wanda ya dawo cin dusa. Na zaci Goggo za ta kwanta ciwo. Ina, ranar har ƙarin tuwo ta nema. Ta ce alhamdu lillahi, da fiffikensu suka tafi. Baƙar agwagwa ce ta yi ta zagaya bakin ruwa tana leƙa ciyawa, ni kuma ita na tsaya kallo.

Faɗan da ya fi kowanne tsakanin Goggo da Mama a kan agwagwar nan aka yi shi. Kirsimeti ya matso, Mama ta aiko a mai da mata abarta, tana da baƙi daga Kaltungo. Goggo ta ce a gaya mata ba ta nan. Aka sake aikowa, ta ce agwagwar ba ta jin daɗi. Sai ga Mama da kanta, ta sha kuɗin keke tun daga Herwagana, ranta a ɓace.

"Aro kika ce. Da bakinki kika ce aro, ba zumunci ba."

"Na faɗa."

"To ba ni kayana."

"Ki kai ta ina?"

"Tukunya mana. Dā ina ake kai agwagwa?"

"Wadda ta kwanta a kan 'ya'yan mutane ta fitar da su? Ba daga gidan nan ba."

"Ba ke ce kike ce mata ƙazama ba? Baƙuwa?"

"Har yanzu ƙazama ce. Ba za a ci ta ba dai."

Mama ta ce wannan fashi ne da rana tsaka, kuma dama an gaya mata kar ta ba Bafulatana aron abu mai rai. Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Shekarar nan Kirsimeti ya zo ya wuce, ba shinkafa ba cincin daga Herwagana, abin da bai taɓa faruwa ba. Goggo ta yi kamar ba ta lura ba, amma duk ƙarar keke sai ta dubi ƙofa. Da abin ya ishe ta sai ta kama zabi biyu mafiya ƙiba ta ɗaure musu ƙafa ta ce in kai, in ce ba biya ba ne, sun dame ta da kuka ne kawai. Mama ta karɓa ta ce in gaya mata zabin ramammu ne. Washegari ta zo da cincin cike da roba, suka zauna a bakin tafki suna musu a kan ko jinjimi ne suke hange ko belbela.

Haka muka zauna shekaru. Na samu koyarwa a wata 'yar makaranta a nan Tumfure, gari ya fara lafawa, aka rage shingaye. Ban taɓa zama wuri hankalina kwance kamar gidan nan ba. Agwagwa ta tsufa, ita ake fara ba dusa, a hannu ma, kuma har Goggo ta bar duniya ba ta canza mata suna daga Baƙuwa ba.

Ciwon Goggo bai yi tsawo ba. Ni ke yi mata wanka, in shafa mata man shanu a ƙafa, tana cewa hannun Barebari kaushi gare shi. Sau da yawa tambayar nan ta zo min har baki, in ce Goggo, in kin tafi ni mece ce a gidan nan. Sai in ga rashin kunya ne a tambayi mara lafiya irin wannan. Ta tafi ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Adda kuwa dama ba mu saba sosai ba. Mace ce mai kamewa, irin mahaifiyarta a tsayi amma ba ta gāji surutun ba. In ta zo hutu mukan gaisa da mutunci, shi ke nan. A kwanakin makokin sai na ga ta ƙara ɗaurewa. In na kai abinci ɗakin ta kau da kai. Na gaishe ta da safe ta amsa da ƙyar. Na ce to, an gaya min ba da baki ba. Na shiga ɗakina na haɗa kayana a jakar bakko, na yanke cewa in an yi addu'ar uku zan yi sallama in nemi ɗaki a cikin gari.

Ranar ukun, an shafa fatiha maza sun fara raguwa, ina kankare ƙanzo a gindin murhu, sai na ji sallama da harshenmu. Matan garinmu ne, waɗanda muka gudo tare, wasu daga Barunde, wasu daga kangayen bayan gari, sun haɗa kuɗin keke sun zo. Babbarsu, wata dattijuwa da ta san mahaifiyata, ta tsaya a ƙofar ɗakin Goggo ta ce da Hausarta mai nauyi, "Mun zo yi wa 'yarmu gaisuwar uwarta. Tana ina?"

Na so ƙasa ta tsage. Ga ni da toka har gwiwar hannu, ga dangin mamaciya na jini a zaune, an zo ana kiran Goggo uwata a gabansu. Na taso da sauri in ja su gefe, ko bayan ɗaki ne mu gaisa a tsaye. Kafin in kai, Adda ta miƙe. Tunda aka yi rasuwar ban ji ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Ku tambaye ta, Inna. Ku tambaye ta inda ta shiga. Tun ranar Laraba nake zaune a nan ni kaɗai ina amsa gaisuwa kamar ba ni da 'yar'uwa. Duk wanda ya shigo sai ya ce ina ƙanwarki, in ce tana wurin tukunya. An rasa masu tuƙa tuwo ne a Tumfure?" Ta juyo gare ni, idonta ya yi ja. "Ke kika san ciwonta, ke kika rufe mata ido. Mutane na tambayata yadda ta cika, ban sani ba. Sai na aiko miki da takardar gayyata kafin ki zauna a ɗakin uwarki?"

Na ce, "Adda, ban san ko ya kamata ba."

"Wanke hannunki."

Na wanke. Wata tsohuwa daga cikin na ruga ta matsa, ta buga tabarma da tafin hannu a gefen Adda. Na zauna. Matan garinmu suka durƙusa a gabanmu, dattijuwar ta kama hannuna ta ce, "Ya haƙuri?"

Na buɗe baki in ce da godiya, sai kuka ya ƙwace min. Ashe ban taɓa zama a tabarmar makoki ba. Ko na mijina ban zauna ba, da gudu na bar shi, ba wanda ya samu sukunin durƙusawa a gabana ya tambaye ni haƙuri. Na yi kuka a ɗakin nan na mutum biyu, a gaban Fulanin da ba sa kuka, ba kuma wanda ya ce in yi shiru. Adda ta riƙa amsa min gaisuwar har na samu murya.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da mijina a inda ba gudu. Da na share fuska sai Adda ta ɗan zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in gyara zama, ga wasu nan sun shigo, wannan karon ni zan fara amsawa.